Guguwar Xaver ta 2013: yadda aka bi sawunta da abin da ta yi wa gaɓar Tekun Arewa

Ranar Laraba 4 ga Disamban 2013, a can tsakiyar ruwa kudu da Girinlan, matsin iska ya soma raguwa a wani wuri da ba kowa sai jiragen ruwa jefi-jefi. Kafin daren Juma'a abin ya zama guguwar da ta ratsa arewacin Sikotilan, ta tsallaka Tekun Arewa, ta bi ta kudancin Norwe da Denmak da Suwidin, ta dangana da Polan. Aƙalla mutum 15 suka rasu. Jamusawa sun kira ta Xaver, Denmak ta ce Bodil, Suwidin ta ce Sven, domin a lokacin kowa da tasa hanyar raɗa suna. Birtaniya ma ba ta fara sa wa guguwa suna ba sai a 2015.

Ƙarfin iskarta kaɗai bai isa ya sa a riƙa komawa kanta ba, an ga waɗanda suka fi ta. Ruwan da ta koro shi ne magana. A wurare da dama na gabashin Ingila teku ya tashi zuwa inda ya kai a 1953, a wasu ma ya wuce, kuma a birnin Hamburg ya ɗara na 1962. Ambaliyar 1953 ta ci rayuka sama da 2,000, ta 1962 kuwa sama da 300. A 2013, a Ingila da Holan da Hamburg, ba wanda tumbatsar teku ta kashe.

Abin da ke sa teku ya hau tudu

Ga wanda ya tashi nesa da gaɓa, sai an ɗan warware wannan. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a kwana guda, saboda jan wata da rana. Idan wata ya yi sabo ko ya cika goma sha huɗu, jan nasu yakan haɗu waje ɗaya, sai cikar ta fi ta kullum. Wata ya yi sabo ranar 3 ga Disamba, ke nan ranakun 5 da 6 sun faɗo cikin manyan cikar watan. Wannan lissafi ne da ake iya yi tun shekaru kafin ranar, a rubuce yake cikin littafin kowane matuƙin jirgin ruwa.

Abin da ba ya cikin littafi shi ne ƙarin da guguwa ke ɗorawa. Idan matsin iska ya ragu, nauyin da ke danne fuskar teku ya ragu, sai ruwa ya ɗago, kimanin santimita ɗaya a kan kowane ma'auni ɗaya na hektofaskal. Matsin da aka saba gani kusan 1013 ne, tsakiyar Xaver kuwa ta sauko wajen 960. Amma babban aikin na iska ne. Tekun Arewa ba shi da zurfi, kudancinsa akasari bai kai mita 40 ba, bakinsa a buɗe yake ta arewa, ta kudu kuma ya tsuke har ya zama mashigin Dover mai faɗin kilomita 33 kacal. Idan iska ta kwana tana busowa daga arewa maso yamma, abin yakan zama kamar mutum ya hura shayi a faranti: ruwan duk ya taru gefe guda. Juyawar duniya tana karkata wannan tulin ruwa zuwa dama, don haka sai ya jingina da gaɓar Sikotilan da Ingila yana gangarowa kudu, sannan ya kewaya ta Beljiyam da Holan ya nufi kusurwar Jamus, inda kogunan Weser da Elbe ke shiga teku.

Tafiyar tana ɗaukar sa'o'i. Daga arewacin Sikotilan zuwa bakin kogin Thames kusan rabin kwana ne. Haka ya kasance a daren Asabar 31 ga Janairun 1953: ruwa ya fasa ganuwar tare teku a Lincolnshire da magariba, bai isa tsibirin Canvey a Essex ba sai bayan tsakar dare, kuma duk wannan tazara ba wata hukuma guda da aikinta shi ne ta sanar da na gaba. Mutum 58 suka mutu a Canvey, yawancinsu ruwa ya same su a kan gado. A Holan gidajen rediyo sun rufe da dare, ƙananan ofisoshin tarho ma haka, ga shi ƙarshen mako. Mutum 1,836 aka rasa a can, 307 a Ingila.

Bin sawu

A 2013 an ga alamun abin kwanaki kafin guguwar ta kafu. Can sama, wajen kilomita goma daga ƙasa, akwai wata igiyar iska mai gudu daga yamma zuwa gabas, wadda jiragen sama masu zuwa Turai daga Amurka ke hawa don su rage mai. A farkon Disamba ta yi ƙarfi sosai a kan arewacin Atilantika, inda sanyin Girinlan ke karo da ɗumin teku. A ƙarƙashin irin wannan igiya ƙaramar guguwa kan zurfafa cikin kwana ɗaya.

Cibiyar hasashen yanayi ta ƙasashen Turai da ke Reading a Ingila ba ta yin hasashe sau ɗaya ta tsaya. Tana tattara awo daga tauraron ɗan Adam, da balan-balan ɗin awo, da jiragen sama da na ruwa, da na'urorin da ke yawo a kan teku, sannan ta sa kwamfuta ta lissafa makomar yanayi sau 51, kowane karo da ɗan bambanci a wurin farawa. Idan lissafin ya watse, wani ya kai guguwa Norwe wani ya kai ta Faransa, masu hasashe sun san ba su da tabbas. Idan kuwa suka fara taruwa a hanya ɗaya, lokacin ɗaga waya ya yi. A kan Xaver sun taru da wuri.

Sanin hanyar iska rabin aiki ne. Sai an zuba wannan hasashe cikin wani lissafin na ruwa, wanda zai faɗi santimita nawa za su ƙaru a wane gari, da ƙarfe nawa. Sa'ar ita ce komai. Tulin ruwan da ya iso lokacin da teku ya janye yakan wuce ba wanda ya kula, amma in ya zo daidai da cika, ko kusa da ita, shi ne ake kwashe mutane. A Birtaniya wannan aiki yana hannun wata cibiya ta haɗin gwiwa tsakanin hukumar yanayi ta Met Office da Hukumar Muhalli, wadda aka kafa a 2009 bayan ambaliyar 2007 ta nuna cewa masu duban sama da masu duban ruwa ba sa zama ɗaki ɗaya. A Jamus, hukumar yanayi ta DWD ke gargaɗin iska, hukumar teku ta BSH da ke Hamburg kuma ke gargaɗin ruwa. BSH tana da matakai uku a gaɓar Tekun Arewa: mita 1.5 sama da cikar da aka saba tumbatsa ce, daga 2.5 mai tsanani, daga 3.5 mai tsananin gaske. A kan Hamburg ta yi shelar mataki na uku.

Bayan lissafi kuma akwai ido. Birtaniya tana da ma'aunan ruwa sama da 40 a gaɓarta, kuma a gabas suna jere kamar haka daga arewa: Wick, Aberdeen, North Shields, Whitby, Immingham, Cromer, Lowestoft, har Sheerness a bakin Thames. Da ruwa ya wuce Aberdeen, ana kwatanta abin da aka auna da abin da kwamfuta ta faɗa, a gyara hasashen garuruwan da ke gaba. Masu lura a Holan da Jamus su ma waɗannan ma'aunai suke kallo, domin abin da ya wuce Ingila da yamma su zai iske da asuba.

Alhamis

Iskar ta fara da Sikotilan da sassafen 5 ga Disamba. A kan dutsen Aonach Mòr an auna bugunta da ya kai kilomita 229 cikin sa'a. An tsayar da jiragen ƙasa a faɗin Sikotilan, an fitar da mutane daga babbar tashar Glasgow bayan tarkace ya fasa gilashin rufinta, gidaje kusan 100,000 suka rasa wuta. Kusa da Bathgate iska ta kifar da wata babbar mota a kan ƙananan motoci, direban ya rasu. A Retford da ke Ingila bishiya ta faɗo wa wani dattijo. Su biyun nan ne mamatan Birtaniya a wannan rana. A Rhyl da ke arewacin Wales, ta ɓangaren yamma, teku ya tsallake kariya da rana, aka kwashe mutum kusan 400.

A gabas kuwa rana ce ta jira. Kwamitin gaggawa na gwamnati ya zauna ƙarƙashin ministan muhalli Owen Paterson. Hukumar Muhalli ta fitar da gargaɗi mafi girma da take da shi, wanda ke nufin akwai haɗarin rasa rai, a gomman wurare, saƙo yana shiga wayoyin mutane kai tsaye. A Great Yarmouth 'yan sanda suka bi gida-gida, wajen gidaje 9,000, suna roƙon mutane su tashi kafin dare. Aka buɗe makarantu don masu neman wurin kwana, aka raba buhunan yashi. A Jaywick, ƙauyen da ya rasa mutum 37 a 1953, an yi irin wannan shela, wasu suka tashi, wasu suka ce ba inda za su.

Ruwan ya zo kamar yadda aka faɗa, gari bayan gari. Da magariba ya shiga bakin tashar Whitby, wuta ta ɗauke a garin. A Hull, shingen da ke bakin kogin Hull ya auna mita 5.8, abin da bai taɓa aunawa ba, kuma tazarar da ta rage kafin ruwa ya haura shi kaɗan ce. Tashar jiragen ruwa ta Immingham ta cika. Siririn harshen yashi na Spurn, wanda ya miƙe cikin bakin kogin Humber, ya tsinke, hanyar mota ta tafi, kuma har yau idan teku ya cika sosai ƙarshensa tsibiri yake komawa. A Boston da ke Lincolnshire ruwa ya haura bangon kogin Haven ya bi tituna, ya shiga gidaje da shaguna kusan 800, har cikin tsohon cocin St Botolph. Daga nan sai Wells da Cromer da Lowestoft. A Landan an rufe shingen Thames, wanda ya fara aiki a 1982 saboda darasin 1953, mutanen birni suka kwana lafiya, da yawansu ba su ma san an yi wani abu ba.

Akwai dalilin rashin sanin. Ana tsakiyar wannan, kafin ƙarfe goma na dare agogon Landan, Shugaba Jacob Zuma ya sanar da rasuwar Nelson Mandela. Duk gidajen labarai suka koma Johannesburg. Wanda ya kunna rediyo a Kano ko Zinder a wannan dare labarin da ya ji ke nan, haka ma wanda ya kunna talabijin a Landan. Mutanen Boston da Norfolk sun daɗe suna ƙorafin cewa ambaliyarsu ta wuce ba a kula ba.

Hemsby ce ta fi tsaya wa mutane a rai. Ƙauye ne a gaɓar Norfolk, inda aka gina ƙananan gidaje, akasari na katako, a kan tudun yashi mai kallon teku. Babu bango a gabansu. A daren, mutanen ƙauyen suna taro a mashaya don tara kuɗin gina kariya, sai labari ya zo cewa yashi na zaftarewa daga ƙarƙashin gidaje. Suka fito da gudu, suka jeru cikin duhu da iska suna miƙa wa juna kujeru da akwatuna daga wani gida da bayansa ya riga ya rataye a sarari, har sai da aka ce kowa ya fita. Da gari ya waye, gidaje uku sun faɗa teku, huɗu kuma ba sa zaunuwa. Tsohon ɗakin jirgin ceto na ƙauyen ma ya tafi.

Ɗaya gefen teku

Holan ta rufe ƙofofi 62 na shingen tare teku na Oosterschelde, karo na farko tun 2007. A Vlissingen ruwa ya kai mita 3.99, mafi tsayi tun 1953 lokacin da ya kai 4.55. Shingen Maeslant da ke tsare Rotterdam bai rufe ba, domin ƙa'idarsa ita ce kwamfuta ta rufe shi in hasashe ya nuna mita 3 a birnin, kuma hasashen bai kai ba. Rufe shi yana nufin tsayar da tashar jiragen ruwa mafi girma a Turai, shi ya sa ba a barin shawarar ga faɗuwar gaban wani jami'i. A Beljiyam an kwashe mutum kusan 2,000 a Bredene, suka koma gida washegari.

Hamburg tana kusan kilomita 100 daga bakin teku, amma Elbe yana kai mata ruwan har gida, yana tsukewa yana ƙara masa tsayi. A daren 16 ga Fabrairun 1962 ruwa ya kai mita 5.70 a ma'aunin St. Pauli, ganuwa ta fashe a wurare da dama, kusan kashi ɗaya cikin shida na birnin ya nutse. Mutum 315 suka mutu, mafi yawa a unguwar Wilhelmsburg, inda waɗanda yaƙi ya rushe wa gidaje ke zaune cikin bukkokin lambu a kwari. A nan ne Helmut Schmidt, wanda ke riƙe da 'yan sandan birnin kuma daga baya ya zama shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, ya yi suna da kiran sojoji da jirage masu saukar ungulu ba tare da jiran izini ba. Da asubar Juma'a 6 ga Disamban 2013, wannan ma'auni ya nuna mita 6.09, wato kusan santimita 40 sama da na 1962. A lokacin, na Janairun 1976 kaɗai ya fi shi, da 6.45. An harba bindigogin gargaɗi a tashar ruwa kamar yadda aka saba, an rufe ƙofofin ganuwa, an rufe makarantu da kasuwannin Kirsimeti, an soke tashin jirage. Kasuwar kifi ta St. Pauli ta nutse, amma ita a wajen ganuwa take, kuma kowa ya san nutsewa take yi. Ganuwar birnin, mai tsawon sama da kilomita 100 da tsayin da ya haura mita 7, ta riƙe.

A gaɓar Schleswig-Holstein da ke arewacin Jamus akwai wasu ƙananan tsibirai goma da ake kira Halligen, waɗanda ba su da babbar ganuwa. Gidajensu a kan tudun ƙasa da aka tara da hannu suke, idan teku ya tumbatsa sai filin duka ya ɓace, a bar gidaje tsaye cikin ruwa. Bayan 1962 an gina wa gidajen ɗakin tsira a sama, a kan ginshiƙan kankare da aka kafa cikin tudun, yadda ko bangon ƙasa ya tafi ɗakin zai tsaya. A daren Xaver mutanen sun kora tumaki kan tudu, sun rufe tagogi, sun jira.

Denmak ce ruwa ya shammata ta bayan gida. An rufe gadar Great Belt da ta Øresund saboda iska, wannan an shirya masa. Amma iskar ta ci gaba da tura ruwa cikin Kattegat, mashigin tekun da ke tsakanin Denmak da Suwidin, daga nan ya cusa cikin siraran mashigan arewacin tsibirin Zealand, waɗanda kusan ba su san cika da janyewa ba. Ranar Juma'a ruwa a Roskilde ya tashi mita biyu sama da yadda aka saba, igiya tana dukan gilashin gidan tarihin da ke ajiye da jiragen Viking masu shekara kusan dubu, ma'aikata suna tokare shi daga ciki. Unguwar Jyllinge Nordmark ta nutse, wasu iyalai suka yi watanni ba su koma gida ba. A Polan guguwar ta zo da dusar ƙanƙara, gidaje kusan 400,000 suka rasa wuta, kuma a ƙauyen Poraj bishiya ta faɗa kan mota ta kashe mutum uku.

Lissafin bayan ruwa

Idan aka duba mamatan, kusan duk iska ce ta kashe su: bishiya, mota da ta kife, ma'aikatan jirgi da suka faɗa teku. Ruwa ana iya cewa zai zo Lowestoft da ƙarfe kaza, a kwashe unguwa. Ba wanda zai iya faɗin wace bishiya ce za ta faɗi, kuma direban da aka ɗora wa kaya ba kasafai yake da ikon cewa yau ba zai fita ba. A ganina nan ne tsarin ya fi rauni, kuma shi ne ba a cika magana a kansa ba, saboda ba bango ake gina masa ba.

Hukumar Muhalli ta ce kariyar da aka gina ta tsare gidaje da wuraren sana'a kusan 800,000 a Ingila, waɗanda ruwa ya shiga kuwa wajen 2,800 ne. Alƙaluman gaskiya ne, amma akwai sa'a a ciki wadda bai kamata a ɓoye ba. A 1953 guguwar ta yi tafiyar hawainiya, iskar arewa ta daɗe tana bugawa, manyan igiyoyi suka yi ta dukan ganuwa har ta fashe. Xaver ta wuce da sauri, kuma lokacin da ruwa ya kai ƙololuwa a kudu maso gabashin Ingila igiyoyin ba su kai na wancan karon ba. Kogunan da ke gangarowa teku ma ba a cike suke ba. Da ruwan saman da ya biyo baya a ƙarshen Disamba da Janairu ya riga guguwar zuwa, da labarin Hull da Boston ya fi haka muni.

Sai kuma batun wa ake karewa. A Ingila kuɗin gina kariya lissafi ne: a auna darajar abin da za a tsare, a kwatanta da abin da za a kashe. Boston ta ci wannan jarrabawa, aka gina mata shinge a kogin Haven na sama da fam miliyan 100, babbar ƙofarsa ta fara aiki a ƙarshen 2020. Hemsby ba ta ci ba. An ƙara rushe gidaje a can a 2018 da 2023 kafin su faɗa da kansu, kuma a 2023 aka shaida wa mazauna cewa shirin jera duwatsu a gaban tudun bai cancanci kuɗin gwamnati ba. Lowestoft ta samu bangon gefen tasha, amma a farkon 2024 ƙaramar hukumar yankin ta dakatar da aikin shingen da zai rufe bakin tashar, saboda giɓin fam miliyan 124 da ba a samu mai cikewa ba.